Shawara: Na aika wa autanmu faifan da Yaya bai taɓa ji ba, ya daina ɗaga wayata

Assalamu alaikum Anti. Matsalata za ta iya ba ki dariya, domin a kan faifan waƙar Turawa ce. Mu uku iyayenmu suka haifa: Yaya, ni, sai autanmu. A 2007 Yaya ya dawo hutu daga karatu a Ingila da faifan wata ƙungiyar mawaƙan Amurka, My Chemical Romance, mai suna The Black Parade. Lokacin ina aji uku a sakandare, auta yana firamare. Duk inda Yaya zai kai mu a motar Baba faifan nan ne a ciki, har muka haddace shi alhali rabin abin da suke faɗa ma ba mu gane ba. Yaya ya rasu a 2015 bayan doguwar jinya.

Kwanan baya na ba wata ƙawata saƙo ta sayo min bugun da aka sake fitarwa a 2016, mai faifai biyu, na biyun waƙoƙin gwaji ne da ba a taɓa saki ba. Na ce ta sayo guda biyu, ɗaya nawa ɗaya na auta. Da na saurari na biyun na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Ranar da Yaya ya cika shekara goma da rasuwa na ba direba ya kai wa auta nasa. Ya maido min ko ledar bai yage ba, ya rubuto cewa shara ce kamfani ya tattaro ya sayar wa wawaye, kuma da Yaya na raye ko kallon faifan ba zai yi ba. Raina ya ɓaci, na ce masa na fi shi sanin Yaya. Na tura masa maganganun masoyan ƙungiyar da suka yaba bugun, shi ma ya turo min na waɗanda suka kushe shi. Yau wata biyu ke nan ba ya ɗaga wayata, Mama ta fara tambaya. Anti, wa ke da gaskiya a kan faifan nan? Ni wawuya ce da na yi kuka a kansa? Kuma yaya zan yi da ƙanena?

Ƙanwarki, daga Kaduna.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Yayanku, ya sa jinyar da ya yi ta zama kankarar zunubi, ya ƙara wa Mama da ku haƙurin rashinsa. Shekara goma a bakin mutanen waje tana da yawa, a cikin gida kuwa kamar jiya ce.

Ban yi dariya ba. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya sun shekara ba sa ga maciji a kan tsohuwar butar mahaifinsu, butar da ko almajiri aka ba sai ya ɗaga ya duba ko tana yoyo. Faifai ai ya ma fi buta tsada.

Zan fara da tambayar faifan tunda ita kuka sa a gaba, ko da yake a cikin ukun ita ce ƙarama.

Fushin da auta yake yi da wannan bugu gadonsa ya yi, akwai dubban da suka riga shi, kuma suna da dalili. Ƙungiyar nan ta watse a watan Maris na 2013 da wata 'yar gajeriyar sanarwa, bayan shekara goma sha biyu tana tare. Masoyanta, waɗanda da yawansu sun fara jin ta suna 'yan sakandare kamar ke, suka zauna jiran tsammani. Kwatsam a watan Yulin 2016 wani ɗan bidiyo ya ɓullo: tuta tana kaɗawa, ana buga fiyanon nan da ya buɗe waƙar Welcome to the Black Parade, sai kwanan wata, 23 ga Satumba, 2016. Ba a ƙara ko kalma ɗaya ba. Nan take aka ɗauka mawaƙan ne za su dawo. Ba a jima ba ƙungiyar ta fito ta ce babu dawowa, babu zagayen wasa, tsohon faifan ne za a sake bugawa don ya cika shekara goma. Ki kwatanta a buga miki ƙofa da irin sallamar wanda ya daɗe da tafiya, ki fito a guje ko ɗankwali babu, ki tarar da ɗan aike riƙe da hotonsa. Hoton na iya yin kyau, amma a ranar ba za ki ga kyansa ba. A ganina kaso mai yawa na kushen da auta yake turo miki daga wannan zafin ya samo asali, tun kafin kowa ya ji waƙa ɗaya a faifai na biyu. Dawowar ta gaskiya sai a 2019 ta zo, aka sanar ranar 31 ga Oktoba, suka yi wasa a Los Angeles ranar 20 ga Disamba. Amma tabon 2016 bai goge ba.

Batun kamfani kuma, auta bai yi ƙarya ba. Reprise, kamfanin da ya fitar da faifan a ƙarƙashin Warner, ba gidan marayu ba ne. The Black Parade ya fito a Oktoban 2006 ya shiga matsayi na biyu a jerin cinikin Amurka da na Ingila, wato saniya ce mai nono. Kuɗin situdiyo an riga an biya tun wancan lokacin, ɗaukar gwajin tana ajiye a ma'ajiya ba ta cin komai. Idan shekara goma ta cika sai a sake mata riga, a buga ta a faifan CD biyu ko faifan garmaho uku, a sayar wa waɗanda a 2006 kuɗin tara suke tarawa su saya, yanzu kuwa suna ɗaukar albashi. Lissafi ne, kuma kowane kamfanin waƙa yana yin sa. Sai dai mai fura ma don riba take damawa, wannan bai taɓa hana furarta daɗi ba. Niyyar mai sayarwa daban, ingancin kaya daban, auta ya haɗa su ya ɗaure da igiya ɗaya.

To me ke cikin kayan? Faifai na biyu, wanda suka sa wa suna Living with Ghosts, waƙoƙi goma sha ɗaya ne. Mafi yawansu abin da mawaƙa ke kira demo ne, wato ɗaukar gwaji: makaɗa suna ɗaki ɗaya suna lalubar waƙa, an kunna na'ura don kada a manta, murya tana kaucewa, baiti bai zauna ba, furodusa Rob Cavallo bai kai ga gyarawa da gogewa ba. Ni ƙanzo nake kiransa. Tuwon shi ne faifan 2006, an tuƙa, an malmala, an kai wa baƙi a kwano mai murfi. Ƙanzo kuwa sai ɗan gida, wanda ya san tukunyar, ya san hannun da ya tuƙa. Akwai wanda ƙanzon ya fi masa tuwon daɗi, kuma ba wawa ba ne. Akwai wanda zai ce kada a kuskura a sayar masa da ƙanzo a kuɗin tuwo, shi ma ba mahaukaci ba ne.

Idan hukuncina kike so, ga shi. A cikin goma sha ɗayan, uku ko huɗu ne suka cancanci a koma musu. Ta farko, The Five of Us Are Dying, ita ce kakar Welcome to the Black Parade, kuma duk wanda ya haddace ta ƙarshen zai ji wani iri idan ya ji ta tana rarrafe kafin ta miƙe, kamar ka ga hoton mahaifinka yana yaro. Emily da All the Angels waƙoƙi ne da ba su shiga faifan 2006 ba sam, kuma za ki yi ta mamakin yadda aka bar su a baya. House of Wolves kuwa har sau biyu aka sa ta, wannan a wurina cikon mudu ne. Wasu biyu, Kill All Your Friends da My Way Home Is Through You, an riga an sake su a gyare tun zamanin faifan, saboda haka ɗanyensu ba wani sabon labari ba ne. Wanda ya ce duka zinariya ce ya yi zuƙu, wanda ya ce duka shara ce bai saurara ba. Auta kuwa da kansa ya nuna bai saurara ba, tunda ledar ma bai yage ba. Ki riƙe wannan a ranki kawai, kada ki je ki faɗa masa.

Akwai hujjar da ta fi ta auta ƙarfi, wadda masu kushe na gaske suke kawowa: mawaƙan da kansu suka ware waɗannan waƙoƙi a 2006 suka ce ba su nuna ba, don haka saurarensu kamar karanta wasiƙar da mutum ya rubuta ya cukuikuye ya jefa kwando ne. Ina girmama wannan magana. Amsarta ita ce masu wasiƙar suna raye aka fitar, kuma da bakinsu suka sanar. Sannan akwai masu koyon jita, waɗanda ba ruwansu da duk wannan gardama, su dai su ji yadda makaɗan jitar ƙungiyar, Ray Toro da Frank Iero, suke neman hanya kafin su same ta.

Kada kuma ki ɗauka a kan wannan faifai kaɗai ake irin wannan rigima. Wata ƙungiya daga jihar Illinois, American Football, ta fitar da faifai ɗaya a 1999 ta watse. A 2014 kamfanin Polyvinyl ya sake buga shi da ƙarin ɗaukar gwaji, sai ga shi karɓuwar da ya samu ta zo tare da dawowar mawaƙan, har suka yi sabon faifai a 2016. A can an sa wa sake bugun albarka. A 2025 kuma aka sake fitar da Three Cheers for Sweet Revenge, faifan My Chemical Romance na 2004, wannan karon har haɗin sautin aka sake, aka ɗaga wani abu aka sauke wani. Nan gardamar ta fi tushe, domin an taɓa tuwon ne da kansa. Naku ba haka yake ba. Faifai na farko a bugun da kika saya waƙoƙin motar Baba ne a jerensu, ba a ɗauke wa kowa komai ba, ƙari aka yi.

Abin da nake so ki gane game da maganganun masoya da kuke jifan juna da su shi ne, a irin wannan kiɗa ba kasafai mutum yake ba ki labarin faifai ba, labarin kansa yake ba ki. Kalmar emo, sunan da ake kiran irin wannan kiɗa da shi, ta samo asali ne a birnin Washington a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da ƙungiyoyi irin su Rites of Spring suka ɗauki kiɗan punk mai hayaniya suka cika shi da abin da ke cin zuciya. Gerard Way, jagoran My Chemical Romance, ya ma fito fili ya ƙi sunan, amma ya manne musu. Kiɗa ne da ake fara ji a shekarun balaga, a ɗaki, da ƙofa a rufe. Wanda ya rubuta cewa bugun 2016 cin amana ne, yaron da yake a 2006 yake karewa. Wadda ta rubuta cewa kyauta ce daga sama, ita ma haka. Mu ma muna da irinta: har gobe masu jin Shata suna musu a kan wace Bakandamiya ce ta fi, tunda bai rera ta iri ɗaya a kowane wasa ba, kuma idan kika bincika sai ki tarar kowa wadda mahaifinsa yake sawa a mota ya zaɓa. Ko shekara za ku yi kuna tura wa juna ra'ayin Bature daga Ohio da Baturiya daga Manchester, babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa shiga motar Baba.

Tambayarki ta biyu gajeriyar amsa gare ta: ke ba wawuya ba ce. Faifai na farko kin haddace shi, ya zama hanyar da ƙafarki ta saba, kina iya bin ta ba tare da kin ji ƙaya ba. Na biyun kuwa muryoyin da kika sani ne suna faɗar abin da ba ki taɓa ji ba. Babban ciwon rashi shi ne mamaci ba ya ƙara sabon labari, duk abin da kike da shi nasa an riga an ƙirga. Sai ga shi bayan shekara goma wani abu sabo ya fito daga wancan zamanin. Dole ki yi kuka.

Yanzu ki juya abin ta ɓangaren auta. Abin da ya zame miki kyauta shi ne daidai abin da ya soke shi. A wurinsa The Black Parade waƙoƙi ne da Yaya ya ji, ya rera, ya buga sitiyari a kansu. Ke kuma kika aiko masa da shaidar cewa akwai wasu goma sha ɗaya da Yaya bai ji ba kuma ba zai ji ba, duniyar Yaya ta ci gaba da haihuwa bayan an binne shi. Ki yi lissafi: kina da shekara ashirin da 'yan kai aka yi rasuwar, shi kuwa yana wajen sha bakwai. Ke kin samu Yaya a matsayin abokin hira, kun yi faɗa irin na manya kun shirya. Shi yaron kujerar baya ne, wanda yake jiran ya girma a fara shawara da shi, sai aka ɗauke mutumin kafin lokacin ya zo. Abin da ya rage masa kaɗan ne, shi ya sa yake gadinsa da haƙori. Kuma kada ki manta da abin da faifan yake magana a kai. Labarin majinyaci ne da ciwon daji yake kashewa, mutuwa ta zo masa a siffar faretin da mahaifinsa ya kai shi kallo yana yaro. A 2007 kuna rerawa ba ku gane ba. Wanda ya yi zaman asibiti da ɗan'uwansa daga baya ya gane kowace kalma. Ki tambayi kanki wa aka riƙa aika sayo magani da ɗauko kwanon abinci a watannin nan na jinya. A gidajenmu yawanci auta ne.

Saura in faɗa miki inda kika yi kuskure, kuma ki yi haƙuri da ni. Ranar da kika zaɓa ba ranar kyauta ba ce. Kin kuma aika direba, alhali irin wannan saƙo da hannu ake miƙa shi, ana kallon fuskar mai karɓa, in an ga ta canja a mayar jaka. Kin zama ɗan aiken nan mai hoto da na ba ki misali. Waɗannan biyun ƙanana ne, kyakkyawar niyya ta rufe su. Babban shi ne kalmar nan, na fi ka sanin Yaya. Ina tabbatar miki ba faifai ne ya hana shi ɗaga waya wata biyu ba, wannan jimlar ce. Ta yi zafi ne domin yana tsoron gaskiya ce. Kin taɓa shi a daidai inda fatar ba ta warke ba.

Shi ma yana da nasa. Kiran yayarsa wawuya, ko da a kaikaice, rashin kunya ne. Cewa da Yaya na raye ba zai kalli faifan ba kuma shiga hurumin da ba nasa ba ne. Ku biyun kun kama mamaci kuna ja, kowa yana so ya tsaya masa shaida. Mutumin da ya ɗauko faifan nan tun daga Ingila yana iya zama na farkon da zai sayi sabon bugun, yana kuma iya tsaki ya ce wayon kamfani ne. Babu mai iya tambayarsa. Ku sauke shi daga kujerar alƙali ku bar shi ya huta.

Na san a al'ada ƙarami ne yake zuwa ya durƙusa. Idan kika jira wannan za ku kai azumi ba ku gaisa ba. Tun ranar da aka binne Yaya ke ce babba, babba kuwa juji ne. Kin kuma san abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa game da ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, da cewa mafi alherin biyun shi ne wanda ya fara sallama. Kun ninka kwana ukun nan sau ashirin.

Daga yau kada ki sake tura masa ra'ayin kowa, ko da kin ci karo da wanda ya fi kowanne daɗin hujja. Kiran waya ma ki dakata, ya riga ya saba da kallon sunanki yana ƙin ɗagawa, kuma kowane kira da ya ƙi ɗagawa yana ƙara masa nauyin ɗaga na gaba. Ki tashi ki je da ƙafarki, a ranar da ba ta da wani tarihi, Talata ko Laraba. Ki tafi da abincin da kika san yana so. Faifan ki bar shi a gida, kada ma ya kasance a jakarki, domin idan yana ciki hannunki zai kai gare shi. Idan kun zauna, haƙuri ɗaya za ki ba shi, a kan magana ɗaya: na ce na fi ka sanin Yaya, ban kyauta ba, akwai Yayan da kai ka sani ni ban sani ba. Ki tsaya nan. Kada ki ɗora amma a bayanta. Da kin ce amma kai ma ka kira ni wawuya, kin zubar da abin da kika ɗebo. Nasa haƙurin zai zo, wataƙila ba da baki ba. Maza irin auta sukan ba da haƙuri ta hanyar zuwa su duba miki janareta ba ki kira su ba. In ya zo ta nan ki karɓa.

Sannan ki yi masa tambayar da nake zaton ba ki taɓa yi ba: ina tsohon faifan Yaya, na motar Baba? Ba ki ambace shi a wasiƙarki ba, kuma zuciyata tana ba ni yana wurin auta, a cikin wata durowa, duk ya kakkarce. In haka ne, kin aika wa mutum sabo fil a leda alhali yana riƙe da wanda yatsun Yaya suka taɓa. Ki ce ya nuna miki. Ki bar shi ya zama mai ba da labari sau ɗaya, ke ki zama mai sauraro. Za ki sha mamakin abin da yaron kujerar baya ya gani.

Wani abu kuma da ya sa na daɗe a kan wasiƙarki. Ƙungiyar nan wa da ƙane ne a tsakiyarta, Gerard da Mikey Way. Lokacin da suke haɗa wannan faifai a 2006 sun tare a wani tsohon gida a Los Angeles da ake kira Paramour, kuma a nan damuwa ta yi wa Mikey, ƙanen, yawa har ya bar gidan na wani lokaci ya nemi taimako. Na kawo wannan ne don ki buɗe ido idan kin je. In ke kaɗai yake gudu, faɗan 'yan uwa ne, zai wuce. In kuwa kin ga ya janye daga abokai, barci ya gagara ko ya yi yawa, ya rame, aiki ya tsaya, to maganar ta wuce faifai, kuma tana bukatar likita. Cikar shekara goma takan tayar da abin da aka danne tun ana sha bakwai, musamman ga yaron da kowa ya ce masa ya daure shi namiji ne.

Mama kuma kada ki kai mata ƙara. Uwar da ta binne ɗa ɗaya ba ta bukatar zaman shari'a tsakanin biyun da suka rage, a kan abin da zai dawo mata da ƙarar motar nan tana shigowa gida. In ta sake tambaya ki ce saɓani ne kaɗan kuma kina kan gyarawa, sannan ki tabbata kina kan gyarawar.

Na san akwai masu karatu da tun daga layin farko suke so su rubuto min hukuncin kiɗa. Na ji ku, wannan fage ne na malamai, kuma ba shi ta tambaya ba. Amma akwai abin da babu saɓani a kansa: faifai, tsoho ko sabo, ba ya isa kabari. Addu'a tana isa, sadaka tana isa. Shekara mai zuwa idan ranar ta zagayo, ku haɗa kuɗi ke da auta, ko da kwatankwacin abin da kika kashe a faifan nan biyu ne, ku je asibiti ku biya wa wani majinyaci magani da sunan Yaya. Ki bar shi ya zaɓi asibitin. Ranar tana bukatar aikin da ku biyu za ku yi tare, wanda babu mai cewa ya fi wani iyawa.

Naki faifan ki ci gaba da saurare, ba sai kin nemi izinin kowa ba, ba kuma sai kin ɓoye ba. Na auta kuwa kada ki bayar, kada ki sayar, kada ki sake ambatarsa. Ki sa shi a durowa da ledarsa. Yana iya kwana a nan har abada, wannan ma haƙƙinsa ne, ba dole ne kowa ya ci ƙanzo ba. In kin je ranar farko ya ƙi buɗe ƙofa, ki ajiye kwanon a wurin maƙwabci ki koma mako mai zuwa karɓar kwanonki. Idan kuma wata rana kuna mota ya ce ki sa mana faifan nan, ki sa na farko, na 2006, ki miƙa masa makulli ya tuƙa.

Anti